Yaƙin Mac da PC: yadda tallan da ya ci kofi ke mayar da mai saye sojan kamfani

Ranar 31 ga watan Disamba na 1983, dab da ƙarfe 12 na dare, wani ƙaramin gidan talabijin mai suna KMVT da ke garin Twin Falls a jihar Idaho ta Amurka ya saka wani talla na minti ɗaya. Garin ƙarami ne, jama'a kuma sun shagala da hidimar shiga sabuwar shekara, don haka ƴan tsiraru ne suka gan shi. Hakan bai dami waɗanda suka biya kuɗin saka shi ba. Bukatarsu kawai a rubuta cewa tallan ya fita cikin shekarar 1983, domin ya cika sharaɗin shiga gasar lambobin yabo ta masu tsara talla.

Mako uku bayan nan, ranar 22 ga Janairun 1984, aka sake saka shi a tsakiyar wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa wanda miliyoyin mutane ke kallo. Tallan na kamfanin Apple ne, yana sanar da fitowar kwamfutar Macintosh. Tun daga wannan dare ake ta musu tsakanin masu Mac da masu PC, musun da ya haifi na iPhone da Android, wanda ke tashi har a fadar ƴan shayi a Maraɗi ko Damagaram da zarar wani ya ajiye sabuwar waya a kan tabarma. Fiye da shekara 40 ke nan, kamfanoni na karɓar kofuna, masu saye kuma na biyan kuɗi suna ƙarawa da kare kamfanin kyauta.

Tallan da shugabanni suka so a binne

Kamfanin tsara talla na Chiat/Day ne ya shirya tallan, ya kuma ɗauko Ridley Scott, wanda ya yi fina-finan Alien da Blade Runner, ya ba da umarni. An ɗauke shi a Ingila. A ciki ana ganin mutane masu aski ƙwal, sanye da tufafi masu launin toka, sun yi sahu sun zauna suna kallon wani babban allo inda wani shugaba ke yi musu jawabi. Sai wata mace ta shigo a guje riƙe da guduma, jami'an tsaro na biye da ita, ta wurga gudumar ta farfasa allon. An aro hoton ne daga littafin George Orwell mai suna 1984, wanda ya fito a 1949 yana siffanta ƙasar da mai mulki ke sa ido kan kowa. Duk wanda ke bin harkar kwamfuta a lokacin ya gane cewa mutumin da ke kan allo IBM ake nufi, kamfanin da ya fito da tasa kwamfutar ta PC a 1981 ya kuma fara mamaye ofisoshi.

Da aka nuna wa majalisar gudanarwar Apple tallan, ba su so shi ba ko kaɗan, har aka umarci Chiat/Day ya sayar da lokacin da aka kama a Super Bowl. Steve Wozniak, wanda suka kafa kamfanin tare da Steve Jobs, ya ce zai biya rabin kuɗin daga aljihunsa in dai za a saka shi. A ƙarshe an sayar da gurbin daƙiƙa 30, aka bar na daƙiƙa 60. Bayan wasan, gidajen talabijin suka dinga maimaita tallan a cikin labaransu ba tare da an biya su ba. Ya ci babbar kyautar bikin Cannes ta wannan shekara, ya ci lambar Clio, daga baya mujallar Advertising Age ta zaɓe shi a matsayin tallan da ya fi kowanne a shekarun 1980.

A tsawon minti ɗayan nan ba a nuna kwamfutar ba. Ba a faɗi farashinta ba, wanda ya kai dala 2,495, ba a kuma faɗi cewa ma'ajiyarta ta aiki kilobait 128 ce kacal ba. An dai gaya wa mai kallo cewa mutane iri biyu ne a duniya, masu zama a sahu da masu jefa guduma, ya zaɓi ɓangarensa.

An sayar da Macintosh kusan 70,000 cikin kwana 100 na farko, sannan ciniki ya ja baya, domin na'urar ba ta da ƙarfi kuma manhajojinta kaɗan ne. A Super Bowl na 1985 Apple ya sake gwada irin dabarar da wani talla mai suna Lemmings, inda ma'aikatan ofis da aka ɗaure wa idanu ke bin juna suna faɗawa rami daga kan dutse. Mutanen da ake so su sayi kayan su ne aka zana a matsayin makafi, suka kuwa ji haushi. Kafin ƙarshen 1985 Steve Jobs ya bar kamfanin, a shekarar da ta biyo baya kuma Apple ya raba gari da Chiat/Day.

Su wa ke ba da kofunan, kuma me suke aunawa

Bikin Cannes Lions shi ne mafi girma a wannan sana'a. An fara shi a 1954 a birnin Venice na Italiya, daga nan ne ma aka samo siffar zakin da ake bayarwa, kafin ya zauna dindindin a Cannes ta kudancin Faransa daga 1984. Duk watan Yuni ake yin sa. A shekarun baya-bayan nan ayyuka kusan 27,000 ake turawa a kowace shekara, kowane aiki kuma sai an biya masa kuɗin shiga, daga ɗaruruwan yuro zuwa sama da dubu. Bikin kansa kasuwanci ne: a 2024 kamfanin Informa na Birtaniya ya sayi Ascential, mai bikin, a kan fam biliyan 1.2.

Akwai kuma Clio ta Amurka, da Effie da aka kafa a New York a 1968. Bambancin Effie shi ne tana neman hujjar cewa tallan ya kawo ciniki, alhali yawancin sauran sun fi duba sabuwar dabara da kyan aiki. A Afirka akwai Loeries ta Afirka ta Kudu, wadda ta faro tun 1978.

Alƙalan waɗannan gasa mafi yawansu ma'aikatan talla ne. Ba su buɗe kwamfutar su ga ko tana zafi, ba su auna kwana nawa batir zai yi. Faifan bidiyo suke kallo da bayanin da kamfanin tsara tallan ya haɗa da kansa. Ga ma'aikacin talla, zaki ɗaya na iya zama ƙarin albashi ko sabon muƙami. Ga kamfaninsa kuma hanya ce ta samun sabbin kwangiloli. Shi ya sa ake kai wa kofunan nan wawa, wani lokaci ma a zahiri: a bikin Clio na 1991 a New York, da shirin ya wargaje, mahalarta sanye da kwat suka hau dandali suka kwashe kofunan da ba su ci ba.

Maguɗi ma ba baƙon abu ba ne. A 2016 reshen kamfanin Grey na Singafo ya mayar da zakin tagulla da ya ci da wata manhajar waya mai suna I Sea, wadda aka ce tana taimakawa wajen hango jiragen ruwan ƴan ci-rani a tekun Bahar Rum, bayan masana sun gano hoto ɗaya take nuna wa kowa. A 2025 an janye babbar kyautar da kamfanin DM9 na Birazil ya ci, saboda an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira an sauya hotunan da aka gabatar wa alƙalai a matsayin hujja. Tun kafin nan, a 2017, rukunin Publicis na Faransa ya sanar da cewa zai ƙaurace wa gasannin na shekara guda don ya zuba kuɗin a wani aikin.

Duk da haka kofunan ba holoƙo ba ne. Wani bincike da Peter Field ya yi wa ƙungiyar kamfanonin talla ta Birtaniya, IPA, a 2010 ya nuna cewa tallace-tallacen da suka ci lambar ƙirƙira sun fi sauran faɗaɗa kasuwar kamfani nesa ba kusa ba. A 2019 shi dai wannan mai binciken ya dawo ya ce fifikon ya zube sosai, domin an koma yin tallan ɗan gajeren lokaci mai burge alƙalai.

Saurayi da magidanci a gaban farin bango

Tsakanin 1985 da 1997 Microsoft ya cinye kasuwa da babbar manhajarsa ta Windows, musamman bayan fitowar Windows 95. Apple ya yi asarar kusan dala biliyan 1 a 1997, shekarar da Jobs ya dawo ya karɓi ragamar kamfanin. Abu na farko da ya yi a fannin talla shi ne dawo da tsoffin abokan aikinsa na Chiat/Day. Suka fito da Think Different, wato yi tunani daban, da hotunan Albert Einstein, Mahatma Gandhi, Martin Luther King, Muhammad Ali da wasu. A nan ma babu kwamfuta a cikin faifan. Ya ci lambar Emmy a 1998 da babbar kyautar Effie a 2000.

Amma tallan da ya fi hura wutar gaba shi ne Get a Mac, wanda ya gudana daga Mayun 2006 zuwa ƙarshen 2009, faifai 66 a Amurka. Tsarinsa ɗaya ne kullum. Mutum biyu na tsaye a gaban farin bango. Justin Long, saurayi cikin wando jins da hannu a aljihu, shi ne Mac. John Hodgman, mai kwat da tabarau da ɗan tumbi, shi ne PC. PC na atishawa saboda ƙwayar cutar kwamfuta ta kama shi, ko ya daskare a tsakiyar magana, ko wani mai gadi ya tsaya a bayansa yana neman izini kafin ya furta kowace kalma, shaguɓe ga Windows Vista da ta fito a farkon 2007 tana damun mutane da tambayoyi. Mac kuwa ba ya zagi. Tausayin abokinsa ma yake nunawa, abin da ya sa zolayar ta fi ciwo.

Get a Mac ya ci babbar kyautar Effie ta 2007, mujallar Adweek kuma ta ce shi ne kan gaba a tallace-tallacen shekaru goman farko na wannan ƙarni. Cinikin Mac ya ƙaru ƙwarai a waɗannan shekaru. Sai dai ba tallan kaɗai ya yi aikin ba. A 2006 ne Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel, wanda ya ba da damar saka Windows a kan Mac, na'urar sauraren waƙa ta iPod ta riga ta jawo masa miliyoyin sabbin abokan ciniki, shagunansa da ya fara buɗewa a 2001 sun yawaita, Vista kuma ta ɓata wa mutane rai. Duk da wannan ci gaba, sama da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin duniya Windows suke amfani da ita a lokacin.

Ba kowa tallan ya burge ba. Da aka yi na Birtaniya da ƴan wasan barkwanci David Mitchell da Robert Webb, marubuci Charlie Brooker ya rubuta a jaridar Guardian a 2007 cewa shi ya tsani Mac, yana mai cewa tallan ya nuna masu ita a matsayin masu ji da kai. A Amurka ma da yawa sun ce PC ɗin ya fi shiga rai, domin shi ne mai ba da dariya.

Martanin Microsoft

Microsoft ya yi shiru na fiye da shekara biyu, sannan a Satumban 2008 ya fara mayar da martani da tallan dala miliyan 300, ta hannun kamfanin Crispin Porter + Bogusky. An fara da faifan Bill Gates da ɗan wasan barkwanci Jerry Seinfeld a shagon takalma. Jama'a suka kasa gane inda aka dosa, aka dakatar bayan faifai biyu. Daga nan aka fito da I'm a PC, wato ni PC ne. Wani ma'aikacin Microsoft mai kama da Hodgman ya buɗe faifan yana cewa an mayar da shi abin zolaya, sai malamai, manoma, masana kimiyya da yara daga ƙasashe daban-daban suka biyo baya kowa na cewa shi ma PC ne. Ba a yi kwanaki ba masu bin diddigi suka gano daga bayanan da ke cikin hotunan cewa a kan Mac aka haɗa wasu daga cikinsu.

Dabarar da ta fi yi wa Apple zafi ta zo ne a Maris na 2009, ana tsakiyar matsin tattalin arziƙi. A tallan Laptop Hunters ana ba mutum kuɗi a ce ya je ya nemo kwamfutar da ta dace da shi, in ya samu ta zama tasa. Wata matashiya da ke da dala 1,000 ta shiga shagon Apple ta fito hannu rabbana, ta je ta sayi HP mai faɗin inci 17 a kan kusan dala 700. A watan Yuli na shekarar, Kevin Turner, babban jami'in gudanarwa na Microsoft, ya faɗa a bainar jama'a cewa lauyoyin Apple sun bugo waya suna neman a daina tallan saboda sun rage farashi. Wannan talla bai samu irin yabon da Get a Mac ya samu ba, amma shi ne ya yi maganar da mai ƙaramin ƙarfi ya fi son ji, wato nawa ne kuma me zan samu.

Me ya sa mutum ke faɗa a kan na'ura

A 1994 marubucin Italiya Umberto Eco ya yi raha a mujallar L'Espresso, inda ya kwatanta masu Macintosh da masu babbar manhajar DOS ta Microsoft da ɗariƙu biyu na addinin Kirista, Katolika da Furotesta. Kamfanin Apple da kansa ya taɓa ba ma'aikacinsa Guy Kawasaki muƙamin da ke nufin mai wa'azi, aikinsa ya jawo masu rubuta manhaja da masu saye su shiga tafiyar.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa ba a bukatar babban dalili kafin a raba mutane gida biyu. A farkon shekarun 1970 Henri Tajfel ya raba ƴan makaranta a birnin Bristol na Ingila rukuni biyu, ya ce musu an yi rabon ne bisa zanen da suka fi so tsakanin na Klee da na Kandinsky. Da aka ba su damar raba lada, sai kowa ya fifita ɗan rukuninsa, ko da bai san ko wane ne ba. In zane ya isa ya yi haka, to ina ga abin da mutum ya tara kuɗin wata shida kafin ya saya? Wanda ya kashe dukiya mai yawa a kan na'ura ba ya son jin cewa ya yi zaɓen tumun dare, don haka sukar na'urar sai ta zame masa kamar sukar hankalinsa.

Akwai kuma shingen da kamfanonin ke ginawa. Hotuna, manhajojin da aka saya, agogo da abin saurare na kunne duk sun fi jituwa da kayan gida ɗaya, fita kuma sai da asara. A Amurka, inda binciken Piper Sandler ke nuna kusan 9 cikin 10 na matasa ƴan ƙasa da shekara 20 iPhone suke riƙewa, launin saƙo ma ya zama abin gori: shuɗi in daga iPhone ya zo, kore in daga Android ne. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta ambaci wannan a ƙarar da ta shigar da Apple a Maris na 2024. Ƴan Nijar mazauna can da ke da yara a makaranta sun san wannan matsin, wanda a gida WhatsApp ya rage masa kaifi tunda kowa launi ɗaya yake gani.

Sai dai masu surutu ba su ne yawancin masu saye ba. Byron Sharp na cibiyar Ehrenberg-Bass da ke Ostareliya ya nuna a littafinsa na 2010 cewa, a alƙaluman da ya duba, masu Dell sun fi masu Apple sake sayen kayan kamfaninsu. Yawancin mutane abin da ke kusa, wanda suka sani, kuma aljihunsu ya kai, shi suke ɗauka.

Magoya baya na faɗa, kamfanoni na ciniki

A watan Agustan 1997, a taron Macworld na Boston, Steve Jobs ya sanar da cewa Microsoft zai zuba dala miliyan 150 a Apple, zai kuma ci gaba da yi wa Mac manhajar Office. Fuskar Bill Gates ta bayyana a wani ƙaton allo a bayansa, kamar dai mutumin tallan 1984. Wasu daga cikin magoya bayan da ke zauren suka yi ihun ƙin amincewa. Jobs ya ce musu a daina tunanin cewa sai Microsoft ya faɗi kafin Apple ya tashi.

Irin wannan ya sha maimaituwa. A 2011 Samsung na Koriya ta Kudu ya fara tallan da ke zolayar masu kwana a layi suna jiran sabuwar iPhone, kamfanonin biyu kuma suka yi shekara bakwai a kotu kan satar fasaha kafin su sasanta a 2018. A tsakiyar shari'ar, Samsung ne ya ƙera fuskar iPhone X ta 2017. Takardun kotu a Amurka sun nuna Google, mai Android, ya biya Apple dala biliyan 20 a 2022 kaɗai don ya zama injin bincike na farko a wayoyinsa. Steve Ballmer na Microsoft ya kira Linux ciwon daji a 2001, magajinsa Satya Nadella ya ce a 2014 kamfanin na ƙaunar Linux. Hatta Justin Long, Mac ɗin tallan, ya fito a tallan Intel a 2021 yana yabon PC.

Abin da ake zolaya yau ma ana iya kwaikwayarsa gobe. Samsung ya yi wa Apple dariya da ya cire ramin saka abin saurare na kunne a 2016, sannan ya cire nasa a Galaxy Note 10 a 2019. Ya sake yin shaguɓe da Apple ya daina saka caja a kwalin iPhone 12 a Oktoban 2020, bayan wata uku Galaxy S21 ta fito babu caja, aka goge shaguɓen. Bikin Cannes kuwa bai nuna bambanci ba wajen raba kyautarsa ta gwarzon kamfani mai talla: Samsung a 2016, Google a 2018, Apple a 2019, Microsoft a 2021, sai Apple kuma a 2025.

Ko gwanaye na yin tuntuɓe. A Mayun 2024 Apple ya fitar da tallan iPad inda wani injin matsewa ke murƙushe piyano, gwangwanayen fenti, kyamara da littattafai. Mawaƙa da masu zane suka yi caa, kamfanin ya nemi afuwa ya fasa saka shi a talabijin. Masu sharhi da dama sun ce kamfanin da ya jefa guduma a 1984 shi ne yanzu ke riƙe da injin.

Abin da kofin ba ya faɗa

Kyautar talla shaida ce ta gwanintar waɗanda suka tsara tallan. Ba ta ce komai a kan yadda kamfani zai riƙe mai saye bayan an biya kuɗi ba. A 2015 tallan Shot on iPhone, wanda ya ɗora hotunan da talakawan masu waya suka ɗauka a manyan allunan birane, ya ci babbar kyauta a Cannes. A Fabrairun 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25 saboda ya rage saurin tsoffin iPhone ba tare da ya sanar da masu su ba, cikinsu har da iPhone 6 ɗin da aka yi wancan tallan dominta. A ɗaya ɓangaren, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin kyauta na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 na neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da sabuwar ƙwaƙwalwa da tsoffin kwamfutoci da yawa ba su da su.

Wannan na ƙarshe ya shafi kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kai tsaye, domin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ɗalibai da ƙananan ofisoshi ke saye na kwance ne, HP, Dell da Lenovo da aka gama amfani da su a Turai ko Amurka. Wanda zai saya, ko ɗan ci-ranin da zai aiko wa ƙaninsa, ya kamata ya tambaya ko na'urar na ɗaukar Windows 11, in kuwa ba ta ɗauka ko zai iya aiki da Linux irin su Ubuntu da ake samu kyauta. Sai batun batir, awa nawa yake yi in an ɗauke wuta, da ko akwai mai gyara da kayan gyara a garin, da yadda na'urar ke jure zafi da ƙura. MacBook na iya zama alheri ga mai haɗa bidiyo ko waƙa, ta kuma zama kaya ga ɗalibin da manhajar karatunsa Windows kaɗai take hawa, ko wanda in fuskarta ta fashe sai an jira wani ya taho da ita daga waje.

A fannin waya, kasuwar Afirka ta riga ta nuna abin da ta fi kulawa da shi. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno, Itel da Infinix, shi ke sayar da kusan rabin wayoyin zamani a nahiyar. Ya kai nan ne da waya mai layi biyu ko fiye, batir mai daɗewa, kyamarar da aka daidaita da baƙar fata, da farashin da ɗan kabu-kabu zai iya tarawa. Shi ma yanzu ya shiga sayen zukata: Tecno ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Manchester City a 2016, ya kuma ɗauki nauyin gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024. Tsakanin masu Tecno, masu Samsung da masu iPhone gorin ya riga ya kankama, kuma a watan Yuni mai zuwa alƙalai za su sake zama a Cannes su raba zakuna ga waɗanda suka fi iya hura shi.